Taraktata da Markaɗen Mama Saratu

Ko tsufa zai kwashe min komai a kai, ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin bikin Rifkatu, 'yar Mama Saratu. Mutanen cocinmu ma ba za su bari in manta ba. Tun da labarin ya riga ya zagaye Greensboro, kowa na ƙara masa gishiri yadda ya ga dama, gara ni da abin ya faru a hannuna in ba da shi yadda yake. Kuma tun yanzu in faɗa a ji: na yi kuskure, na yarda. Amma taraktata ba ta yi laifin komai ba.

Ni 'yar makanike ce. Babanmu ya yi shekara da shekaru yana gyaran taraktocin gwamnati a Bukur, kuma da yake mu shida ne a gidan, duk mata, ba shi da wanda zai koya wa aikin sai mu. Yayyena duk suka zame, ni na zauna. Kafin in iya tuƙa tuwo na iya wanke fulogi. Daga baya rayuwa ta ja ni aikin jinya, ta kuma jefo ni Amurka, inda nake aiki a wani gidan kula da tsofaffi. Maigidana Bitrus direban babbar mota ne, sai ya yi sati biyu a hanya. 'Yan biyunmu suna jami'a. Gidanmu yana gefen Sedgefield (ba ɓangaren masu buga golf ba, can inda gidajen suka tsufa), da fili gaba da baya wanda in an yi ruwa sau biyu ciyawa sai ta kai gwiwa.

Saboda ciyawar nan na sayi 'yar taraktar lambu, kwance, a hannun wani tsohon Bature da ya ƙauro daga can arewacin ƙasar, wajen iyakar Kanada. Muna gama magana sai ya ja wani tamfol a lungun garejinsa, ya nuna min wani ƙaton baki na ƙarfe mai murɗaɗɗun haƙora a ciki, da bututu a sama kamar maƙogwaron raƙumi. Ya ce ana ɗaura shi a gaban taraktar, haƙoran su tauna dusar ƙanƙara, bututun ya watsa ta gefe. Ya ce in ina so in ɗauka, don a nan jihar Karolaina babu mai karɓa ko a kyauta. Na ɗauka mana. Wane ɗan makanike ne zai ga ƙarfe mai lafiya ya bar shi?

Bitrus da ya dawo ya zagaya abin sau biyu, ya ce, “Wannan kuma ina za mu ajiye motar?”

Shi da sauƙi. Wanda ya fi damuna shi ne Baba Istifanus, babban dattijon cocinmu. Mutumin kirki ne, ba na ɓoye wannan, amma yana da ra'ayi a kan komai, kuma ra'ayinsa a kan mace da sifana a hannu ba mai daɗi ba ne. Ranar da aka yi addu'ar gida-gida a wurinmu ya leƙa garejin, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

“'Yata, wannan dodon na mene ne?”

“Na share ƙanƙara ne, Baba.”

“A garin nan?” Ya juya ya kalli sauran. “Ƙanƙarar da in ta sauka da safe, kafin azahar ta zama ruwa?”

Aka yi dariya. Kuma abin haushin, gaskiyarsa ce. Hunturu uku a jere ba a yi abin da ya wuce ɗan farin da ke kwanciya a gilashin mota ba. Duk Nuwamba sai in fito da abin, in shafa masa giris, in duba bel, in mayar. Duk Lahadin da aka ɗan yi sanyi kuma sai wani ya tare ni a ƙofar coci, “Maman 'yan biyu, yaya ƙanƙara? An samu ciniki?” Ina murmushi, amma a raina ina roƙon Ubangiji ya sauko da ita ko sau ɗaya, mai yawa. (Ku yi hankali da abin da kuke roƙa a cikin fushi.)

Sai ga bikin Rifkatu, a wata Janairu. Mahaifinta ya rasu tun tana ƙarama, Mama Saratu ita kaɗai ta raine ta da aikin dare da rana, don haka bikin nan na cocin ne gaba ɗaya. Baba Istifanus ne zai tsaya a matsayin uba, ya riƙo hannun amarya ya kai ta gaban fasto. Ya sa an ɗinko masa babbar riga daga gida, farar shadda da aikin hannu, kuma wata guda babu wanda bai ji labarinta ba. Dangin ango sun zo daga Maryland, iyayensa kuwa tun daga Kaduna, jirginsu na komawa ranar Litinin.

Cocinmu tsohon shagon kujeru ne, a bayan wasu jerin shaguna a kan Gate City Boulevard. Akwai filin ajiye motoci a gaba, da 'yar hanya da ta zagaya baya zuwa ƙofar kicin. Ranar Juma'a da rana na tashi daga aiki na biya can, na tarar da matan zumunta sun gama markaɗen kayan miya: tumatir, tattasai, attaruhu da albasa, an ƙulla a manyan ledoji shida. Firij kuwa ya cika da nama, ko tsinke ba zai shiga ba. Mama Saratu tana tsaye tana ta juyi.

Ni ce na ce, “Mama, mene ne abin damuwa? Ga firij Allah ya ba mu kyauta a waje.”

Ni ce na jera ledojin a cikin kwali, na ɗora babban ludayin ƙarfe a sama, na rufe. Ni ce kuma na ɗauki kwalin da hannuna na ajiye shi a jikin bango, gefen ƙofar kicin ta baya. Ina so a riƙe wannan, don ni ban riƙe shi ba.

Da la'asar ƙanƙara ta fara sauka, kuma wannan karon ba ta zo wasa ba. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san abin da ke biyo baya: biredi da madara su ƙare a shaguna, makarantu su rufe, kowa ya shige gida. Kafin magariba komai ya yi fari fat. Mai ginin cocin ya ce masu share fili ba za su iso gare mu ba sai Litinin. Guruf ɗin coci a waya ya kama da wuta. Wasu na cewa a ɗaga biki, Mama Saratu ta turo saƙon murya tana kuka.

Sai Baba Istifanus ya turo nasa. “Kada kowa ya tayar da hankalinsa. Maza su fito da shebur ƙarfe bakwai na safe. Mata su zauna a gida har sai an kira su.”

Na san mazan nan ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda ke da shebur ba su fi biyar ba, biyu daga ciki ni nake ba su shawarar maganin ciwon baya. Na rubuta, “Ba sai an wahala da shebur ba. Zan zo da inji.”

Ya amsa nan take. “'Yata, mun gode da niyya. Amma wannan ba yankan ciyawa ba ne.”

Da na yi shiru a nan, da yanzu mutuncina na nan cif. Amma haushin shekara uku ya taso min. Na danna waya na yi magana ta minti uku, na ba da tarihin babanmu, na yi bayanin yadda inji ke aiki, na rufe da cewa, “Baba, gobe ka sa farar rigarka ka zo ka tsaya ka yi kallo kawai. Ko ɗigo ba zai taɓa ka ba.” Mutum sittin da wani abu suka saurara.

Na shiga gareji da ƙarfina. Na cire faifan wuƙaƙen yankan ciyawa daga ƙarƙashin taraktar, na turo bakin ƙanƙarar na ɗaura, na zura ƙusoshinsa, na zagaya bel yadda ya kamata. Na sa wa tayoyin baya sarƙa. Ana so a ɗora nauyi a baya don kada ta riƙa sulɓi, ni kuwa ba ni da ƙarfen da ake sawa, sai na ɗauko buhun shinkafa biyu daga sito na ɗaure. Na hau, na murɗa makulli.

Ƙis, ƙis, ƙis. Shi ke nan.

Sanyi ya kashe batir. Wannan ba komai ba ne, na jawo waya na haɗa da batirin motata. Na sake murɗawa. Ta juya, ta yi tari sau biyu kamar tsoho mai mura, ta mutu. Na sake, ta sake mutuwa. A nan ne gumi ya fara karyo min a cikin sanyin nan, don na tuna mutum sittin ɗin.

Babanmu ya koya mana cewa in inji ya ƙi tashi, abu uku za ka bi a jere kafin ka zagi kowa: wuta, iska, mai. Na cire fulogi, wuta na nan. Matatar iska tsaf take. Na buɗe tanki na shinshina, sai wani wari kamar na tsohon fenti. Fetur ɗin da na bari tun yankan ciyawar ƙarshe a Oktoba ne ya lalace a ciki. Ni da nake shafa wa bakin ƙanƙara giris duk shekara kamar amarya, na manta da cikin taraktar kanta.

Na tsiyaye shi tas. Na kwance ɗan kofin da ke ƙarƙashin kafireto, na same shi da wani kore-koren danƙo. Na kai kayan kicin, na baje su a kan tiren da nake kai wa baƙi abinci (har yau Bitrus bai sani ba), na wanke, na zaro sili ɗaya daga buroshin waya na buɗe 'yar ƙofar da mai ke bi. Ina cikin haka shi Bitrus ɗin ya kira daga wani wurin hutun direbobi a Tennessee, inda hanya ta tsare shi.

“Na ji saƙonki a guruf,” in ji shi a hankali. “Anya ba za ki bar wa mazan ba?”

“Kai ma?”

“A'a, ba haka nake nufi ba…”

“To ka yi min addu'a, hannuna da mai.”

Na mayar da komai, na zuba sabon fetur daga jarka, na ja cok don in rage mata iska, na murɗa. Ta tashi da wani ruri da ya girgiza garejin. Na tsaya ni kaɗai ina rawa a gabanta.

Da safe maƙwabcinmu Malam Hamidu ya kai ni. Mutumin Maraɗi ne, yana sayar da motocin hannu a Gate City, yana da a-kori-kura mai ƙarfi da 'yar tirela. Muna ɗaure taraktar yana ta min tambayoyi irin nasu.

“Madam, kin duba buji?”

“Fulogi? Na duba.”

“Esansi fa? Sabo ne?”

“Sabon fetur ne, Malam. Ka ja mu je.”

Ƙarfe takwas muka isa. Mazan biyar sun yi awa guda suna fama, wurin da suka share bai fi shimfiɗar tabarma uku ba, ɗaya har ya zauna a cikin mota yana riƙe da ƙugu. Na sauko da taraktata, na ja hular sanyi ta rufe kunnuwana, na sauke bakin ƙasa, na ja ƙarfen da ke kunna haƙoran.

Jama'a, ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba. Ƙanƙara ta tashi ta bututun nan fara sol, ta yi baka a sama, ta zube can nesa a gindin shinge. Inda na bi, baƙar kwalta sai ta fito kamar an shimfiɗa ta yanzu. Na je, na dawo, na je, na dawo. A gefen sitiyari akwai wani mariƙi da ake murɗawa don juya bakin bututun hagu ko dama, ni kuwa ina murɗa shi da yatsa biyu, don a ga ba wahala nake yi ba. Kafin tara da rabi filin gaba ya fito. Motoci suka fara shigowa, dangin ango suka firfito suna tafi, kowa ya ɗaga waya.

Baba Istifanus ya iso cikin shirinsa, don daga can unguwar Glenwood yake kuma ba ya so ya yi hanya sau biyu. Rigar nan kuwa ta kai yadda ake faɗa. Fara ce har tana ɗaukar ido, ta sha guga, ga hula ta dace. Ya bar jaket ɗinsa a mota, wai zai yamutsa masa aikin wuya. Ya tsaya ya dubi filin daga wannan gefe zuwa wancan, ya gyaɗa kai.

“Ba laifi,” in ji shi.

Daga bakin Baba, wannan lambar yabo ce. Kaina ya kumbura har hular ta matse ni.

Saura hanyar baya, wadda mata za su bi su shiga kicin. Na karkata can, jama'a suka biyo ni da wayoyinsu. Shingen maƙwabta, na farin katako, yana hagu. Mutane suka jeru a dama, inda na riga na share, kuma da yake Baba ne babba, aka ba shi gaba. A jikin bango, gefen ƙofar kicin, iska ta tara ƙanƙara, wadda ta zamo daga rufi ta ƙaru a kai, tudu guda har ƙugu. Na dube shi na ce a raina, da wannan zan rufe wasan.

Daidai nan na hango Mama Saratu ta fito daga mota tana gudu, tana ɗaga hannu biyu sama, bakinta a buɗe. Ga ƙarar inji, ga hula a kunne, ban ji ko kalma ɗaya ba. Na ɗauka murna take yi. Na ɗaga mata hannu ni ma, a hankali, irin na matar gwamna a buɗaɗɗiyar mota. Sannan na tura taraktar cikin tudun.

Na ji wani ɓurum a ƙarƙashina. Farin bakan nan da ke sama ya koma ja.

Ja wur, mai kauri, ya tafi ya fantsama a farin shingen mutane. Na ce shi ke nan, kyanwa ce ko kare ya fake a ciki na niƙe shi. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, kuma na san shi tun ina 'yar shekara goma: in kashe inji. Amma a ruɗe, abin da kawai ya zo min shi ne shingen nan na Turawa ne, za su kai coci kotu. Sai na cafki mariƙin bututun da hannu biyu na murɗa shi da iyakar ƙarfina, don in kawar da shi daga shingen.

Na kawar da shi kuwa. Ya juyo dama.

Na ga abin da idona kamar a mafarki. Jan bakan ya bar shinge, ya ratsa sama, ya sauka a kan Baba Istifanus tun daga hula har gwiwa. Na bayansa suka watse, shi ya tsaya cak, hannuwansa a buɗe, ya karɓe shi duka. Sai na ji ƙas! Haƙoran suka tsaya. Sai a lokacin hannuna ya tuna inda makulli yake.

Wata gwaggon ango ta ƙwalla ƙara, “Jini! Yesu, jini!” ta zube a gwiwa ta fara addu'a da ƙarfi. Wani ya fara neman lambar motar asibiti. Ni kuwa ina zaune a kan kujerar taraktar ina kallo.

Baba ya yi atishawa. Ya sake yi. Ya lashi leɓensa.

“Attaruhu,” in ji shi.

Sai ƙamshin albasa ya bugi hancin kowa. Mama Saratu ta iso tana haki, ta dafa bango. “Markaɗena! Wayyo markaɗena!” Ashe ƙanƙarar ta lulluɓe kwalin kamar bargo, bai gama daskarewa ba, ya tsaya daidai yadda inji zai ji daɗin watsa shi.

Baba, idanunsa a rufe, hawaye na bin jan da ke fuskarsa, ya ɗaga murya. “Wane mara hankali ne ya ajiye kayan miya a waje?”

Matan da suka sani duk suka sunkuyar da kai. Mama Saratu ta dube ni. Na so a ce akwai wani ramin da zan tuƙa taraktar in shige da ita. Na cire hula.

“Ni ce, Baba.”

“Ke kika ajiye?”

“Ni ce.”

“Ke kuma kika bi ta kai?”

“Ni ce, Baba.”

Malam Hamidu, wanda ke tsaye can gefe da ɗigo biyu kacal a takalminsa, ya ce cikin natsuwa, “Madam, ai na ga kamar an riga an niƙa shi. Me ya sa kika maimaita?”

Wani ya fashe da dariya, ya mayar da ita tari. Sai kowa ya kama tari.

Aikina ya dawo min. Attaruhu a ido ba abin wasa ba ne, balle ga mai shekara saba'in. Na kama hannun Baba na zagaya da shi ta ƙofar gaba zuwa kicin, na sunkuyar da kansa a ƙarƙashin famfo, na buɗe masa ido da yatsuna ina sakin ruwa. Minti goma sha biyar muna haka, ni da mutumin da na yi wa cika baki a gaban duniya. Sai can wajen ƙarshe ya yi magana, kansa na ƙasa, ruwa na zuba.

“Ko ɗigo, ko?”

Na ƙara ruwa.

Da ya miƙe, idanu jawur amma yana gani, ya ce a kwashe wannan abu daga harabar coci yanzu-yanzu. A nan ne na ba kowa mamaki, har da kaina.

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, ba zan kwashe ba. Na ɓata maka riga, na ɓata wa Mama miya, zan amsa wannan har iyakar raina. Amma hanyar nan ba a gama ba, kuma tsofaffi ne za su bi ta da tukwane masu zafi. Ni na san yadda karayar ƙugu take, kullum ina ganinta a wurin aiki. Sai na gama.”

Ya dube ni da jajayen idanun nan. Sannan ya juya ya ce wa fasto, “A nemo min abin da zan sa.”

Na koma waje, kowa na kallona, babu mai tafi yanzu. Na zare makulli na sa a aljihu, don ba a sa hannu a bakin nan ko inji a kashe yake. Da sandar tsintsiya na zaƙulo yagaggen kwali, da ledojin da suka nannaɗe, da ludayin, wanda ya lanƙwashe ya koma kamar ƙugiya. Shi ne ya tsayar da haƙoran. Akwai wata 'yar ƙusa da aka yi ta da gangan don ta karye in abu mai tauri ya shiga, don kada giya ta lalace, kuma ta yi aikinta. Ina da guda biyu a liƙe a ƙarƙashin kujera. Na buge karyayyar da guduma, na zura sabuwa, na ɗaure. Yatsuna sun ƙage, attaruhu na cin wani ɗan yanka a babban yatsana, hancina na zuba. Minti goma ta tashi. Na gama hanyar, ko da yake ta fito ruwan hoda.

Leda biyu suka tsira daga cikin shida. Malam Hamidu ya kira matarsa, Hajiya Rabi, ta haɗo duk tumatirin gwangwani da busasshen barkonon da ke gidanta, ya je ya ɗauko. Dafa-dukar ta fito da duhu fiye da yadda aka saba, da yaji mai sa gumi, amma ba a bar ko ƙanzo ba.

Abin da aka samo wa Baba shi ne rigar 'yan kwaya, shuɗiya mai ɗorawar wuya, wadda ta tsaya masa a ƙwauri. A cikinta ya riƙo hannun Rifkatu, kai a sama, yana tafiya kamar shi ya zaɓe ta. Amarya tana ta jijjiga a cikin mayafi, baƙi suna cewa Allah sarki, tana tuna mahaifinta. Daga baya ta gaya min dariya ce ta kusa kashe ta. Hotunan suna nan a falon kowa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mama Saratu ta yi sati uku ba ta amsa gaisuwata, kuma wannan ya fi komai yi min ciwo, don ta yi shekaru tana jiran ranar nan. Sai da na je gidanta na durƙusa a kicin ɗinta, ta bar ni a ƙasa har ta gama yanka albasa, sannan ta ce in tashi in miƙo mata gishiri. Shingen maƙwabta na wanke shi da buroshi ranar Litinin. Rigar Baba kuwa na karɓa na jiƙa, na wanke sau biyar, manja-manjan tabon ya ce yana nan. A ƙarshe na rine ta ruwan goro mai duhu a bokiti, na goge, na kai masa. Ya ɗaga ta ya juya gaba da baya.

“To,” in ji shi, “wannan dai ko an sake, ba za a gani ba.”

Yanzu sunana a coci Mama Markaɗe, kuma ina amsawa da ƙarfi. Akwai waɗanda ke jira in ce na koyi darasi, mace ta bar wa maza inji. Su ci gaba da jira. Injin ya tashi, filin ya fito, an ɗaura aure a kan lokaci, babu tsohuwar da ta faɗi. Darasin da na koya daban ne: kafin ki hau inji, ki zagaya wurin da ƙafarki da sanda a hannu kina tsokana, kina kuma tambayar kanki abin da kika aikata jiya. In kuma abu ya ɓaci, ki fara da makulli, dabara ta biyo baya.

Duk ranar da aka ce ƙanƙara na tafe, wayata ce ke fara ƙara, kuma fasto ne da kansa. Ina zuwa, ina sharewa. Sai dai yanzu da na murɗa makulli, kowa sai ya koma cikin motarsa ya ɗaga gilashi.